Darasi: Zaɓen Takarda da Ambulan don Firinta Mai Leza

Daga Muciya zuwa kasuwar Sabon Gari, daga PZ a bi ta Kwangila har Samaru, ba a yin doguwar tafiya ba a ga shagon buga takardu ba. Zariya dama garin karatu ce, kuma garin ɗab'i. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, daga nan ne kuma littattafan Yaƙi da Jahilci suka riƙa fita zuwa garuruwa da ƙauyukan Arewa a shekarun 1950. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962, buƙatar takarda ta ƙara bunƙasa. Yau aikin da a da sai an kai shi babbar maɗaba'a, matashi ɗaya mai kwamfuta da firinta yana iya gama shi a ɗan ƙaramin shago: kundin binciken ɗalibi, takardar neman aiki, jarrabawar makarantar Islamiyya, sanarwar taron ƙungiya.

Wasu daga cikinku suna aiki a irin waɗannan shaguna. Wasu magatakarda ne a makaranta ko masallaci ko coci, wasu kuma suna tara kuɗi ne su buɗe nasu wurin. Firinta jari ce, kuma abin da yake damuna shi ne yadda mutum zai shafe makonni yana tambaya kafin ya saye ta, amma takardar da zai riƙa zuba mata kullum, duk wadda ta fi araha ita yake ɗauka. Da yawa daga cikin firintocin da ake ɗauka a kai wa mai gyara, abin da aka ciyar da su ne ya kwantar da su.

Da wuta take aiki

Firinta iri biyu aka fi gani a shagunanmu. Akwai mai tawadar ruwa, wadda take fesa tawada takarda ta tsotse. Akwai kuma mai leza, wadda ita ce darasinmu. Wannan babu ko ɗigon ruwa a cikinta. Tawadarta gari ne mai laushi ƙwarai da masu shago suke kira tona, kuma asalinsa roba ce da aka haɗa da launi. Dabarar ta samo tushe daga aikin wani Ba'amurke, Chester Carlson, wanda ya yi kwafin farko da busasshen gari a 1938. Injiniyan kamfanin Xerox, Gary Starkweather, ya haɗa dabarar da hasken leza, sannan a 1984 kamfanin HP ya fito da LaserJet, wadda ta kawo abin kan teburin ofis.

A cikin firintar akwai wani bututu mai juyawa da ake kira duram. Ana sa wa bayansa cajin lantarki, sai hasken leza ya bi kansa ya zana siffar rubutun, garin tona ya manne a inda aka zana. Takarda ta zo wucewa, wani cajin ya janyo garin ya dawo kanta. A wannan gaɓar rubutun zaune kawai yake a bisa takardar, ko yatsa aka sa sai ya goge. Shi ya sa idan takarda ta maƙale a tsakiya kuka zaro ta, hannunku yake yin baƙi. In garin ya taɓa tufafi, ku kakkaɓe ku wanke da ruwan sanyi, domin ruwan zafi narkar da shi yake ya kama zare.

Daga nan takardar take shiga fiyuza, inda take bi tsakanin abubuwa biyu masu juyawa, ɗaya yana gasa ta, ɗaya yana danne ta. Zafin wurin yakan kai kusan digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Nan ne garin yake narkewa ya kama jikin takarda. Ku ɗauki fiyuza tamkar dutsen guga: abin da ba za ku yarda ku ɗora wa dutsen guga mai zafi ba, kada ku miƙa wa firinta mai leza. Duk abin da zai biyo baya a darasin nan daga wannan ya taso. Takarda ko ambulan, tambayoyin biyu ne: za ta jure zafin? Za ta iya lanƙwasawa ta bi ta cikin tayoyin robar da suke jan ta, wato rola, ba ta tsaya ba?

Nauyin takarda

A jikin kowane rim za ku ga lamba, 70 ko 75 ko 80, da haruffa gsm ko g/m² a gefenta. Ma'anarta nauyin takardar da faɗinta ya cika murabba'in mita ɗaya, a ma'aunin giram. Lissafin yana da daɗi. Babbar takarda ta A0 murabba'in mita ɗaya ce. In aka raba ta biyu a sami A1, a sake rabawa A2, sai A3, sai A4. Ke nan A4 guda 16 ne suke cika A0. Takarda mai giram 80, in kuka raba 80 gida 16, kowane falle giram 5 ne. Rim yana da falle 500, saboda haka nauyinsa kilo 2 da rabi, ban da marufinsa. Mai giram 70 kuwa rim ɗinta bai cika kilo 2 da giram 200 ba.

Wannan lissafi makami ne a hannunku. Kusan duk farar takardar A4 da muke saye daga waje take zuwa: Double A daga Tailan, PaperOne daga Indunusiya, Chamex daga Birazil, da sauransu. Gwamnati ta taɓa kafa masana'antun takarda a Jebba da Iwopin da Oku Iboku, amma ba su ne suke cika mana kasuwa da A4 ba. Don haka farashi yana bin dala, kuma in kaya ya yi tsada, algus yakan samu ƙofa: rim da aka zare wasu fallaye aka sake liƙewa, ko takarda mara nauyi a cikin marufin mai nauyi. In za ku sayi katon guda, mai rim 5, ba laifi ba ne ku ce, "Alhaji, a ɗora mini ɗaya a sikeli in gani." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Don aikin yau da kullum, 75 ko 80 ita ce daidai. Mai 70 tana bugawa, amma ta fi saurin nannaɗewa bayan ta sha zafi, kuma in aka buga gaba da baya rubutun yakan leƙo ta ɗaya fuskar. Ga ɗalibin da zai miƙa kundinsa ga malamai, ko mai neman aiki, ni 80 nake ba da shawara, ko da za a ƙara masa kuɗi kaɗan. Araha ba ta ado. Takardar da ta gaza giram 60, irin ta jarida ko siririyar nan ta littafin rubutu, ba ta firinta mai leza ba ce: takan yamutse, takan naɗe a jikin fiyuza, ga kuma ƙura da take zubarwa.

Ta ɓangaren kauri, yawancin ƙananan firintocin shago suna tsayawa ne a wajen giram 160, wasu sun fi haka. Ku duba littafin da ya zo da taku. Idan za ku buga satifiket ko bangon kundi a kwali, ku sa shi ta ƙofar da ake miƙa falle ɗaya-ɗaya, ku buɗe ƙofar baya in firintar tana da ita, domin kwalin ya wuce a miƙe. Sannan ku gaya wa kwamfuta irin takardar da kuka sa. Mutane da yawa suna tsallake wannan. In kuka zaɓi takarda mai kauri a wajen ba da umarnin bugu, firintar takan rage gudu domin zafin ya ratsa. In ba ku zaɓa ba, sai kwalin ya fito da kyau a ido, amma kuna lanƙwasa shi rubutun ya ɓare.

Girma

A4 tana da faɗin milimita 210 da tsawon 297. Tsarin ya fito daga Jamus a 1922, ya zama na duniya a 1975, kuma shi muke bi a Nijeriya. Amurka tana da nata girman, Letter, mai 216 da 279: ya fi A4 faɗi da milimita 6, ya gaza ta tsawo da 18. Kwamfutoci da yawa suna zuwa a saite kan Letter. In ba a canza ba, sai shafi ya fito a karkace da gefuna marasa daidaito, ko firinta ta tsaya tana neman takardar da ba ku da ita. Ku gyara wannan tun kafin a fara buga rubutu. Doguwar takarda ta fulsikaf, mai tsawon milimita 330, ita ma sai an gaya wa kwamfuta girmanta.

Akwai wata takarda da ake samu da sauƙin kuɗi, wadda ake yankowa daga manyan fallaye a injin yanka na maɗaba'a. In wuƙar tana da kaifi kuma an auna daidai, tana yi. In ta dakushe, bakin fallayen yakan manne da juna, firinta ta ja biyu ko uku a tare. Ku shafa gefen da yatsa: in kun ji kaushi ko kun ga farin gari a hannunku, wannan garin zai taru a kan rola har ta daina kama takarda. Akwai kuma batun kwanciyar zare. Zaren da aka yi takarda da shi yana kwance ne ta fuska ɗaya. Ku yaga falle ta tsawo, ku yaga wani ta faɗi. Inda yagar ta tafi a miƙe, nan zaren ya kwanta. Firinta ta fi son wadda zarenta ya bi tsawo, kuma haka ake yanka rim na kamfani. Mai yanka a gida, don kada ya yi asarar gefe, yakan yanka ta duk inda ya fi ba shi yawa.

Abin da ba a sa mata

Takardar hoto mai sheƙi da aka yi don firinta mai tawadar ruwa tana da wani shafe a fuskarta wanda zafi yake narkarwa. In ya narke ya manne a jikin siririyar rigar fiyuza, wadda masu gyara suke kira tefulon, daga nan kowane shafi sai ya fito da tabo a wuri ɗaya har sai an canza ta. Akwai mai sheƙi ta leza, kuma an rubuta haka a jikin kwalinta. Ku karanta kafin ku biya. Haka ledar nan mai haske da ake sawa a bangon kundi: ta ɗauri ce, ba ta bugu ba. Takardar rasit mai kwafe kanta ita ma tana da sinadarin da yake lalata rola.

Katin gayyatar biki mai ƙyalƙyali ko mai rubutu da ya taso sama, da takardar ofis mai tambari da aka bugo daga maɗaba'a, suna buƙatar lura. Rubutun da ya taso da zafi aka yi shi, zafi kuma zai sake narkar da shi. Tambarin da aka buga da tawadar maɗaba'a sai ya bushe sarai, kuma ku gaya wa mai maɗaba'ar tun farko cewa za a sa takardar a leza. Takarda mai gurza-gurza irin Conqueror tana da kwarjini a wasiƙa, amma gari ba ya shiga kwarin gurzar sosai. Ku buga ɗaya ku goga da babban yatsa kafin ku ci gaba.

Sai bayan tsohuwar takarda, wanda kusan kowane shago yake amfani da shi don gwaji. Na san dalilin, takarda ta yi tsada. To amma fil ɗaya na sitefula da aka manta ya isa ya karce duram ko ya yaga tefulon, kuma kuɗin gyaran ya fi na rim. In dole ne, ku duba kowane falle da hannu: ba fil, ba farin ruwan goge rubutu, ba gam, ba lanƙwasa.

Damina da hunturu

Takarda tana shan danshin iska, tana kuma sakinsa. A Zariya muna da yanayi biyu da suke ja mata ta fuskoki biyu. Daga Mayu zuwa Oktoba, musamman a watan Agusta, rim da aka bari a buɗe yakan sha laima har gefunansa su yi tudu da kwari. Irin wannan takarda in ta shiga fiyuza, ruwan jikinta yakan zama tururi, har ku gan shi yana tashi daga bakin firinta. Sai ta fito a nannaɗe, ko da tamoji a tsakiya, rubutun ya yi fari-fari a wasu wurare domin jiƙaƙƙiyar takarda ba ta riƙe caji yadda ya kamata. Da yawa sukan zaci tona ce ta ƙare, su je su sake cikawa. Kafin ku kashe wannan kuɗin, ku buɗe sabon rim ku gwada.

Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska takan bushe ƙayau. Fallaye su riƙa manne wa juna saboda cajin da suke tarawa, firinta ta ja biyu a tare, ga ƙura tana sauka a kan duk abin da aka bari a buɗe.

Maganin duka biyun ɗaya ne, kuma ba ya cin ko kwabo. Marufin rim an yi shi ne da shafen da yake tare danshi, don haka kada ku yaga shi ku yar. Ku buɗe baki ɗaya, ku ɗebi abin da za ku buga a ranar, ku ninke bakin ku rufe. Kada katon ya kwana a kan siminti ko ya jingina da bango. Ku ɗora shi a kan katako ko kanta, a kwance, nesa da taga. Wannan zai kuma raba shi da gara. In za a tashi aiki da damina, ku kwashe ragowar da ke cikin firinta ku mayar marufi. Kafin ku zuba takarda, ku lanƙwasa damin a hankali gaba da baya, ku daidaita bakinsa a kan tebur. In akwai kibiya a jikin marufin, tana nuna fuskar da za a fara bugawa.

Wani abu da ba laifin takarda ba ne amma yakan yi kama da shi: ƙarancin wuta. Fiyuza tana jan lantarki da yawa lokacin da take ɗumama. In wuta ta yi ƙasa ko janareta ya yi ƙanƙanta, zafin ba zai kai ba, rubutu ya riƙa gogewa ko da takardar ta ƙwarai ce.

Ambulan

Ambulan ta fi takarda wuyar sha'ani, domin ninki biyu ce, wani wurin uku, ga gam, ga iska a ciki. Da farko ku san girma. DL, mai milimita 110 da 220, tana ɗaukar A4 da aka ninke gida uku, ita ce ta wasiƙar ofis. C5, mai 162 da 229, tana ɗaukar A4 da aka ninke biyu. C6, mai 114 da 162, tana ɗaukar wadda aka ninke sau biyu ta zama gida huɗu. C4, mai 229 da 324, tana ɗaukar A4 a miƙe, ita ake so ga takardun shaida da na neman aiki. Ku lura: C4 ta fi A4 faɗi, saboda haka ba ta shiga ƙaramar firintar A4. Kada ku tura ta da ƙarfi.

A wajen saye, ku juya ambulan ɗin ku dubi bayanta. Mai ƙarfen maƙalawa, ko mai zare da maɓalli, ku ajiye ta. Mai tagar leda da ake hango adireshi ta ciki, ledar za ta narke, sai dai in an rubuta cewa ta leza ce. Mai gam da ake ɓare wa ƴar takarda ita ma haka: in ba an yi ta don zafi ba, gam ɗin yakan tsattsafo ya shafi rola. Mai kumfar leda a ciki ba a ma maganarta. Wadda kuke nema ita ce mai takarda mara kauri, da ba ta wuce giram 90 ba, mai ninki mai kaifi, wadda ta kwanta shimfiɗe a kan tebur. In kun ajiye ta kun ga gefenta ya ɗaga sama da milimita 6, ko ta kumbura da iska, za ta yamutse. Ku dubi kusurwoyi kuma: ɗinkin gam ya kai har ƙarshen kusurwa, ba tare da wani ɓangare ya yi kunne ba.

Ambulan mai gam ɗin da ake jiƙawa tana da nata halin da damina. Danshin da ta sha yakan zama tururi a fiyuza, ya jiƙa gam ɗin, ta fito a liƙe tun ba a sa wasiƙa ba. Ku adana ambulan a leda mai rufewa, kuma da ta fito ku ɗaga marfinta tun tana da ɗumi.

Wajen bugu, ku murje ta da hannu iskar ta fita, marfin yana rufe a kwance. Ku sa ta ƙofar falle ɗaya-ɗaya, ku matso da ƴan sandunan gefe su riƙe ta ba tare da sun matse ba. Kusa da ƙofar akwai ɗan zane da yake nuna fuskar da za ta kalli sama; firintoci sun bambanta a nan, ku bi zanen taku. A kwamfuta ku zaɓi girmanta, ku kuma zaɓi cewa ambulan ce. Adireshi ya nisanci gefe da aƙalla milimita 15, kuma kada ya hau inda ninkin baya ya haɗu, domin wurin ya fi tudu, rubutu ba ya zama daidai. Ba a buga ambulan gaba da baya, ba a kuma mayar da wadda ta riga ta bi ta fiyuza. Kafin ku taɓa ambulan ta gaske, ku yanka farar takarda daidai girmanta ku gwada, ku ga inda adireshin ya faɗa.

Ambulan mai ruwan ƙasa da ta cika kasuwa fuskarta tana da kaushi, gari ba ya kama ta sosai. Ga ita, da C4, da duk wadda kuke shakka, hanya mafi aminci ita ce a buga adireshin a farar takarda, a yanke, a manna daga baya. Akwai kuma takardar sitika da aka yi don leza. Ita sharaɗinta falle ya kasance cikakke: in an ɓare ko guda ɗaya, kada ya koma firinta, domin na kusa da gurbin yakan ɓalle ya naɗe a ciki.

Aikin yi

1. Rim na takarda mai giram 75, nawa ne nauyin falle ɗaya, nawa ne kuma na rim duka? Ku nuna lissafinku.

2. Ku kawo ambulan iri uku daga gida ko kasuwa. Ku auna kowace da rula, ku faɗi sunan girmanta, sannan ku ware wadda za ta shiga firinta mai leza da wadda ba za ta shiga ba, tare da dalili.

3. Ku ɗauki falle biyu daga sabon rim. Ku bar ɗaya a marufi, ɗaya ku ajiye a bakin taga ya kwana. Gobe za mu buga shafi iri ɗaya a kansu, mu kwatanta.

4. Wata baiwar Allah ta zo shagonku da katin bikin ƴarta guda 200 masu ƙyalƙyali, ta ce, "Ɗana, ka buga mini sunayen mutane a jiki." Ku rubuta amsar da za ku ba ta cikin ladabi, da wata hanyar da za ku bi aikinta ya yiwu.